Ba Yawan Ruwa Ke Raya Dashe Ba

 Abin da nake so in yi magana a kansa ƙaramin abu ne a ido, har wani zai ce bai kai a ɓata takarda dominsa ba, watau ban-ruwan dashe. To, amma ni ya jawo mini asarar itace guda, ya kuma sa na ci zalin yaro ɗan shekara tara a kan laifin da ba nasa ba. Saboda haka ina roƙonku ku yi haƙuri ku ji yadda abin ya faru, sa'an nan in faɗi ra'ayina, kowa kuma ya auna da hankalinsa.

Bara, ana sauran 'yan kwanaki mu koma makaranta a watan Satumba, Baba ya je Dutsin-Ma ya komo mana gida Barkiya da dashe biyu cikin baƙar leda, ɗaya mangwaro mai aure, ɗaya kuwa lemun tsami. Ya ce nawa ne, tukuicin jarrabawar da na ci. Da yake damina ta kusa ɗaukewa, ga kuma ɓarnar awaki, sai aka yi shawara a rene su a cikin gida har wata daminar. Ni kuwa don in nuna cewa ina karatun aikin gona, sai na raina ledar da suka zo a ciki. Na samo tsofaffin bokitan fenti guda biyu, na tafi bakin kududdufi na ɗebo baƙar laka, domin a ganina baƙar ƙasa ita ce mai ƙarfi. Na cika bokitan, na dasa su, ban kuwa huda gindin ko ɗaya ba, wai kada ruwa ya riƙa zubewa a banza.

Ranar da zan tafi na kira ƙanena na ja masa kunne. Na ce, "Kowane ɗaya buta guda da safe, buta guda da yamma. In na dawo na tarar sun bushe, jikinka zai gaya maka." Ya ce, "To, Yaya."

Da aka ba mu hutu a watan Disamba, ko akwatina ban ajiye ba na wuce bayan ɗakin Inna. Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Ganyen mangwaron ya langaɓe ya koma ruwan ɗorawa, lemun kuwa rabin ganyensa yana ƙasa. Ban tsaya tambaya ba, na shaƙo wuyan rigar yaron. Ya fashe da kuka yana cewa, "Wallahi Yaya ban taɓa fashi ba. Da na ga suna yaushi ma, har da rana nake ƙara musu." Inna ta fito ta ba da shaida, ta ce ita ma don tausayi takan juye musu ruwan ɗauraye kwanuka.

Ana cikin haka sai ga Kaka ya shigo daga zaure. Bai dubi ganyen ba sam. Ya tsuguna, ya cusa yatsa cikin ƙasar, ya zaro ya shinshina. Ya ce, "Kai ɗan boko, sakar mini yaro. Wannan ba ƙishirwa ba ce, nutsewa suka yi." Ya karkata bokiti guda, sai ga wani baƙin ruwa yana tsiyaya, yana wari kamar kwata. Da muka zare dashen muka wanke, na ga abin da ban taɓa gani ba. Lafiyayyar saiwa tana da haske da tauri, in ka ja ta sai ka ji tana gardama. Waɗannan kuwa sun yi baƙi, sun yi laushi kamar dafaffiyar taliya, in ka murza sai fatar ta saɓule a hannunka, ta bar wani siririn zare a tsakiya. Na zauna na yi lissafi. Kwana kamar 90 na yi a makaranta, buta biyu kullum, buta 180 ke nan cikin bokitin da ba shi da mafita, ban da na rana, ban da na Inna. Ashe yaron umurnina ya bi sau da ƙafa, umurnin ne ya yi kisan.

Abin kunyar shi ne, dalilin wannan abu mun karanta shi a aji, har na rubuta a jarrabawa an ba ni maki. Malamin gona ya koya mana cewa saiwa tana numfashi kamar yadda muke yi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ƙananan kafofi da iska ke zama, daga nan saiwa take samun iskar oksijin. In aka yi ban-ruwa, ruwan yakan cika kafofin, sa'an nan ya tsiyaye ƙasa, iska ta komo. To, idan ruwan bai sami hanyar wucewa ba, iska ba za ta komo ba. Siraran gashin saiwa, waɗanda su ne ainihin masu tsotson ruwa, su ke fara mutuwa. Daga nan sai wasu ƙwayoyin cuta masu kama da fumfuna, waɗanda ba abin da suke so kamar jiƙaƙƙiyar ƙasa, su auka wa sauran, saiwa ta ruɓe. Laka kuwa ta fi kowace ƙasa riƙe ruwa, domin ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, ba kamar jigawa ba wadda ruwa ke ratsawa nan da nan.

Ga inda tarkon yake. Da zarar saiwa ta ruɓe, ba ta iya kai ruwa ga ganye, ko da kuwa itacen yana tsaye tsamo-tsamo cikin ruwa. Sai ganye ya yi yaushi daidai da na itacen da ƙishirwa ta kama. Mai shi ya gani, tausayi ya kama shi, ya ƙara ruwa. Kowace buta da ya ƙara tana ƙara kusantar da itacen ga mutuwa, shi kuwa yana ganin taimako yake yi. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Da na ba malamin gona labari, sai ya ce ba ni kaɗai ba ne. Ya ce akwai wani fure da Turawa ke kira okid, wanda ake saye da tsada a ajiye cikin ɗaki don ƙawa. Da yawa daga cikin irinsa ba a ƙasa suke tsirowa ba, a kan rassan itatuwa suke zama, saiwoyinsu na reto a sarari. Amma ba kamar kauci ba ne, domin kauci tsotson itacen da ya hau yake yi, shi kuwa okid wurin zama kawai ya nema. Ruwan sama ya jiƙa shi, iska ta busar da shi, rayuwarsa ke nan. In mai shi ya cusa shi cikin tukunya ya dinga shayar da shi kullum, sai saiwar ta ruɓe, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe shi a gidajen masu kiwonsa. Watau daga mai kuɗin Ingila har ɗan makarantar Barkiya, kuskuren ɗaya ne.

Yanzu bari in faɗi yadda muka yi jinyar, ko wani zai amfana. Da farko mun wanke saiwoyin da ruwa mai tsabta har lakar ta fita duka. Kaka ya sa na gasa sabuwar reza a wuta, ta huce, sa'an nan na bi duk saiwar da ta yi baƙi ko laushi na yanke, har sai na kai inda cikinta yake fari. Ya ce kada in ji tausayi, domin ruɓaɓɓiyar da aka bari ita za ta harbi mai lafiya. Muka daka gawayi ya yi laushi muka barbaɗa a wuraren yankan, muka ajiye a inuwa ya sha iska kaɗan. Na ɗauki ƙusa da dutse na yi wa gindin bokitin huji kamar goma, na wanke shi tas, muka zuba 'yan tsakuwa a ƙasa, muka cika da yashi gauraye da ƙasar gona da ɗan tsohon taki wanda ya riga ya huce. Wurin dasawa muka kula kada ƙasa ta kai ga mahaɗar auren. Bayan haka muka rage ganyen, domin 'yar saiwar da ta rage ba za ta iya ciyar da su duka ba. Muka kai shi inuwar bedi inda rana ba ta dukansa. Na ce ko in sa masa takin zamani don ya yi saurin farfaɗowa, Kaka ya ce, "Ka taɓa ganin an ba mai zazzaɓi tuwon dawa da ƙashin sa?" Dokar ƙarshe kuwa ita ce, kada a ba shi ruwa sai an cusa yatsa har gaɓa ta biyu an ji ƙasar ta bushe.

Lemun bai yi rai ba. Ruɓar ta riga ta hau har gindinsa, ɓawon yana saɓulewa, kafin in koma makaranta ya zama kara. Mangwaron ma haka na bar shi, bai mutu ba, bai yi rai ba, ganye huɗu tak. Sai da na zo hutun watan Afrilu na tarar ya fitar da sabon toho, jajayen ganye masu taushi suna sheƙi. Da damina ta zauna a watan Yuli muka mayar da shi ƙasa, muka kewaye shi da ƙayar magarya. Yau ya kai ƙuguna. Na maƙwabcinmu da aka sayo lokaci guda ya kai kafaɗata, watau kuskurena ya ci masa kusan shekara. Ƙanena kuwa na ba shi haƙuri a gaban Inna, abin da bai zo mini da sauƙi ba, kuma yanzu shi ne mai gwajin yatsa.

To, ga ra'ayina. Ina ganin mu mutanen wannan ƙasa mun iya dasa itace, amma ba mu damu da koyon rainonsa ba. Kowace damina akan yi bikin dashen itatuwa. Manya su zo da manyan riguna, a haƙa rami, a ɗauki hoto, a tafa, a faɗi adadin da aka dasa. Ban taɓa jin an sake taruwa a watan Afrilu, lokacin da bazara ta yi tsanani, an ƙirga nawa suka rage ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Mu kanmu ɗalibai mu tambayi kanmu, itatuwan da muka dasa da hannunmu a bakin ɗakunan kwana, ina suke? Wanda ke kusa da famfo ko wurin wanki, kowa ya wuce sai ya juye masa ruwan sabulu, yana zaune cikin taɓo dare da rana. Wanda ke can bakin fili kuwa ba mai leƙa shi. Ɗaya ya mutu don yawa, ɗaya ya mutu don rashi, dukansu biyu kuma abu guda ya kashe su, watau ba wanda ya tsuguna ya duba.

Wannan kuwa ba wasa ba ne a wurinmu. Tsofaffinmu ba su manta da farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ba, da kuma na 1983 da 1984, lokacin da amfanin gona ya ƙone, dabbobi suka yi ta mutuwa. Kaka yakan nuna mini wurare a hanyar Kurfi inda ya ce da can ɗorawa da kanya da marke ne, yau sai sabara da kalgo. A shekarar 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aka tsara za ta ratsa nahiyar daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kilomita kamar 8,000, domin tare hamada. Jiharmu ta Katsina tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da aka fara shirin da su, kuma a 2015 aka kafa masa hukuma ta musamman. Shiri ne mai kyau. Amma ganuwar da za a gina da itace, tubalinta dashe ne ɗaya-ɗaya, kowane ɗaya kuma yana hannun wani mutum mai riƙe da buta. In mai butar bai san abin da yake yi ba, an yi ba a yi ba ke nan.

Na san wani zai ce, "Kai yaro, a ƙasar da mata da yara ke shan wahalar ɗibar ruwa, kai kake wa mutane wa'azin rage ban-ruwa? Ai ƙishirwa da awaki da gara su ne ke cinye dashe." Gaskiya ne, ban musa ba. A fili cikin jigawa ƙishirwa ta fi kisa nesa ba kusa ba. Ni ban ce a rage ruwa ba, cewa na yi a duba kafin a zuba. Gwajin yatsa ɗin nan da zai hana ka nutsar da dashen cikin gida, shi ne kuma zai gaya maka na gona yana neman ɗauki. Bugu da ƙari, daidai saboda ruwan yana da wuya shi ya sa bai kamata a zuba shi inda zai yi ɓarna ba. Buta 180 da suka kashe lemuna, da sun isa su raya dashe da yawa a inda ake bukatarsu. Masu noman rani a kusa da madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama a 1983 a kan kogin Karaduwa, ga ruwa a gabansu fal, amma ba kullum suke sakar wa tumatir da albasa ba. Sukan shayar, su bari ƙasa ta sha iska, sa'an nan su sake. Malamanmu na addini ma sun koya mana cewa ko a wurin alwala ba a son almubazzaranci da ruwa.

Wani kuma zai ce, "In dashe ya lalace ai sai a jefar a sayi wani, ina dalilin wahala?" Amsata biyu ce. Ta farko, wanda bai tono ya ga abin da ya kashe na farko ba, haka zai kashe na biyu da na uku. Da Kaka bai karkata bokitin nan ba, da na doki ƙanena, na sayo wani lemun, na kuma ce a ninka masa ruwa. Ta biyu, ba a yanke wa itace hukunci daga sama. A nan maƙwabtanmu na Maraɗi sun ba duniya darasi. Wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta fama da dashen itatuwa a can, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 sai ya lura cewa 'yan tsirrai da ake sassabewa a gonaki kowace shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tuntuni, waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara zaɓen 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture su bari, su sare sauran, su kare su. Ta wannan hanya an ƙiyasta cewa gonaki masu faɗin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa kamar miliyan 200 a Jamhuriyar Nijar, galibi a yankunan Maraɗi da Damagaram, ba tare da leda ko buta ba. A 2018 aka ba shi wata babbar lambar yabo ta duniya saboda wannan aiki. Ku duba fa, nawa dashen sama kore ƙasa matacce, nasu kuwa sama matacce ƙasa rayayye. Ko ta ina aka bi, labarin itace yana wurin saiwarsa.

Saboda haka ina ba da shawara kamar haka. Na ɗaya, duk ɗalibin da ya shigo aji ɗaya a ba shi dashe guda da sunansa, ya rene shi har ya gama makaranta, kuma a riƙa ba da kyauta ga ɗakin kwanan da itatuwansa suka fi rayuwa bayan bazara, ba wanda ya fi yawan dasawa ba. Na biyu, a darasin aikin gona a kawo mana ruɓaɓɓiyar saiwa da lafiyayya mu taɓa mu shinshina, domin gani ya kori ji. Ni shaida ne cewa ana iya cin jarrabawa a kan numfashin saiwa a kuma je gida a shaƙe ta. Na uku, a haƙa wa ruwan wanki hanyarsa daban, a daina juye shi a gindin ƙananan itatuwa. Na huɗu, masu sayar da dashe su riƙa gaya wa mai saye abu uku: a huda mazubi, a cire leda kafin a sa a ƙasa, a gwada da yatsa kafin a shayar. Na biyar, mu 'yan makaranta mu rage raina sanin tsofaffi. Kaka bai san kalmar oksijin ba, amma hancinsa ya gano cikin minti guda abin da littafina bai hana ni aikatawa ba. Ni na san dalili, shi ya san alama, da mun haɗu tun farko da lemun yana nan.

Iyayenmu kuma, in kun yarda ɗanku ya faɗi kalma ɗaya cikin ladabi. Wani lokaci yaro yakan komo hutu ya yi shiru, ko sakamakonsa ya faɗi. Wani uban ya ɗauki bulala, wata uwar ta ƙara kuɗin kashewa da kayan daɗi, kowa yana nufin alheri. Amma yaushin ganye bai faɗin irin ciwon da ke ƙasa. Watakila mugun aboki ne, watakila cin zalin manya ne a ɗakin kwana, watakila allo ne ba ya gani sosai. A zaunar da shi a tambaye shi tukuna. Mu ma yayye mu riƙa sauraron ƙannenmu kafin mu ɗaga hannu, kada a yi irin tawa.

An karantar da mu cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi, yana da ladan sadaka. To, ai sai itacen ya rayu ya yi 'ya'ya kafin a ci. Damina mai zuwa in Allah Ya kai mu, zan sake sayen lemun tsami da kuɗin da nake tarawa, kuma abin da zan fara nema ƙusa ce, ba buta ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana abin da muka dasa, Ya kuma ba mu haƙurin dubawa kafin mu yanke hukunci, amin. Haza wassalam.